Murya daga zauren malaman fizik da shimi na Damagaram: a je formasiyon ko a zauna?

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Ƙanena, na ji muryarka tun da rana, ina aji ne. Ka ce ko formasiyon ɗin nan, wato horon da za a yi wa malaman shimi cikin hutu tana da amfani. To ni dai na san abin da kake tambaya, kuɗin zama ne, ka ji an ce ba su da yawa. Kada ka ji kunya, duk mun yi kwantiragi, mun san yadda ƙarshen wata yake. Amma ka je. Ka je, sai dai ka fara tambaya ɗaya: za a taɓa kaya da hannu, ko zama ne kawai ana haska rubutu a bango? In haska rubutu ne, to wallahi ka je ka karɓi kuɗin motarka ka dawo.

Don matsalarmu ba ta sanin darasi ba ce. Wanda ya fito ENS ta Yamai, makarantar horar da malamai, ko jami'ar nan tamu ta Damagaram ya san asid da baz a takarda. Abin da ya rage mana shi ne yaro ya kai terminal, zai zauna bak, bai taɓa ganin ruwa ya sauya launi a gabansa ba. Yana zana buret, bututun gilashin nan na ɗiga ruwa, a kaye, da ma'auninta da komai, kuma in ka ajiye masa ita bai san ta inda ake buɗewa ba.

Kuma kada wani ya ce mini babu labo. Na gaji da wannan magana. Ku je Kasuwar Dole ranar Alhamis da jika guda. Zoɓorodo, kanwa, binega, lemun tsami, sai sodar masu haɗa sabulu. Ka jiƙa zoɓorodon a ruwan zafi ka tace, ka rarraba a kofunan roba masu haske. Ɗiga lemun tsami a ɗaya, ja ne wur. Zuba ruwan kanwa a ɗayan, sai ya juye ya yi duhu ya koma wajen kore. A nan za ka ji ajin ya yi tsit, har na bayan nan masu barci sun miƙe tsaye. Kanwar nan da ake kawowa daga ƙasar Manga ai karbonat da bikarbonat na sodiyom ne akasarinta, shi ya sa in ka zuba mata binega take tafasa tana kumfa, iskar CO2 ce ke fita. Yarinya ɗaya ta taɓa ce mini, Mushe, ashe shi ya sa innata ke sa kanwa a miyar yakuwa? Na ce to kin gama darasin, tsamin take kashewa.

Har dozaj ana yi, wato auna yawan asid ɗin da ke cikin ruwa. Giram 4 na soda a lita guda ta ruwa, ka samu 0.1 mol a lita. Binega mai digiri 8, ka tsarma ta sau 10, ka ɗebi mililita 10, ka sa ruwan zoɓorodo kaɗan, ka riƙa ɗiga sodar da sirinji, wajen mililita 13 za ka ga launin ya juya. A'a, tsaya, in gyara, kada wani ya kama ni a nan: zoɓorodo ba zai ba ka wurin daidaito sak ba kamar fenolftaleyin, kuma sodar kasuwa tana shan damshi da iska, giram 4 ɗinka ba giram 4 ba ne tsantsa. To ai wannan ma darasi ne, ka tambayi yaran me ya sa lissafi bai faɗa daidai ba. Kuma soda tana cin fata, in ta shiga ido babu kyau, kai za ka haɗa ta da kanka, ba yara ba.

Irin wannan nake so a koya a formasiyon. Amma me muka gani? Akwai wadda muka yi shekarun baya, ba zan faɗi wurin ba. Aka kawo akwatunan kayan gwaji sababbi fil, aka ɗauke mu hoto da su, aka ce kowace makaranta za ta samu nata. Namu ya iso kuwa. Aka sa shi a ofis aka kulle, wai kada a fasa. Mai makulli yau ya tafi taro, gobe ya tafi gaisuwar mutuwa. Ranar da aka buɗe, takardar pH ta sha zafi ta lalace, kwalabe wasu sun bushe, beraye sun cinye littafin bayanin. Kuma abin haushin, wanda aka tura formasiyon ta biyu, ta koyon aiki da akwatin, ba ma malamin shimi ba ne. Sunansa ne dai ya shiga takarda. Har yau in na tuna... to, a bar shi.

Ga matatar mai ta SORAZ nan a hanyar Tanut tun 2011, ganga 20,000 a rana aka gina ta ta tace, ɗanyen man Agadem. Muna koyar da tace fetur a aji, yadda ake raba gaz da esans da gazuwal bisa zafin tafasarsu, amma malamai nawa ne cikinmu suka taɓa ganin hasumiyar da idonsu? Masu shirya formasiyon su nemi izini su kai mu yini ɗaya mana. Ga majema, ga masu sabulu, duk shimi ne.

Kai dai in ka je, zauna gaba, ka ce a ba ka ka gwada da hannunka, kada ka tsaya kallon mai koyarwa. Kuma in ka dawo ka kawo mana a taron UP, zaman da mu malaman darasin ke yi, mu ma mu gani, ba ka ninke takardun ka sa a jaka ba. Sirinji kuwa sabo za ka saya a famasi, kada ka ɗauko wanda aka yi allura da shi. Sai anjima, ana kiran salla.