Yaran shagonka da watan kulle

Ɗana, saƙonka ya iso. Sai da ƙanwarka ta karanta mini sau biyu, don a karon farko dariya ta hana ni ji. Wai kana tambaya ko al'ada ce ta ɗora wa maigida ciyar da yaransa alhali ba a aiki, ko kuwa kirki ne da mutum zai iya jinginewa in aljihu ya bushe. Ka ce tun da Buhari ya rufe Legas saboda annobar korona ranar 30 ga Maris na wannan shekara ta 2020, keken ɗinki ko ɗaya bai juya ba a shagonka na Agege, ga baki shida, uku 'yan Tawa ta Nijar, kuma abokanka duk sun sallami nasu. Da ta zo nan dariyar ta tsaya mini a wuya.

Ka sallame su su nufi ina? Iyakar Nijar a rufe take tun bara, an hana shiga wata jiha daga wata. Kana dai jin labarin samarin da ake zaƙulowa daga cikin tirelar shanu da ta kayan abinci. Gwamnoninmu na Arewa kuwa suna ta lodin almajirai a mota, Kano ta tura, Kaduna ta tura, kowa na mayar wa ɗan'uwansa, har aka gwada waɗansu aka same su da korona. Tallafin da ake rabawa a unguwanni, wa zai rubuta sunan ɗan ci-rani?

Ni ma an taɓa loda ni. A 1969 ina zangon Kumasi, shekarata goma sha takwas, ina yaron wani maigida mai fataucin goro. Aikina tsince mai tsutsa, yayyafa ruwa, ɗaure huhu. Cikin Nuwamba gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Mu da ko takardar haihuwa ba mu sani ba! Zango ya rikice. Mutane na sayar da gadon ƙarfe da keke a kuɗin da bai kai na tabarma ba. Maigidanmu yana da takarda, kuma kuɗinsa sun maƙale a hannun waɗanda su ma korar ta shafa. Da ya ce mana Allah ya kiyaye hanya, ba mai zarginsa.

Daren da za mu tashi ya shimfiɗa buzu a zaure, ya kunna fitilar ƙwai, ya jawo wani tsohon littafi da yake rubutu da ajami. Mu tara ya kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta masa abin da ya ajiye a wurinsa tun ranar da ya zo, har sulallan da ni na manta. Ya ƙirga ya ba ni, ya biya kuɗin mota, uwargida ta ɗaura mana garin rogo da ƙuli-ƙuli. Daga baya na ji shanunsa biyu ya karyar. A Aflao muka kwana huɗu a ƙasa muna jiran shiga Togo, ga gida ana yaƙin basasa, garin nan ne ya riƙe mu, har da wata mata mai goyo da nata maigidan ya juya mata baya. Har yau in na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli bakin tekun nan nake gani.

Kakanka yakan ce baƙonka annabinka. Yakan kuma ce wanda ya ci gumin yaro da rani, shi zai riƙe masa laima da damina. Malaminmu na allo kuwa hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe ne ba ya fita bakinsa.

Ku yanzu kun iya cewa "ma'aikatana", kuna biya ta waya, amma ba ku san sunan garin uban yaro ba. Mu ma ba tsarkaka ba ne: a 1983 Shagari ya kori 'yan Gana, ina tsaye a Legas ina kallonsu da jakunkunansu, ban buɗe baki ba. Wannan yana damuna.

Ban ce ka ci bashin da zai karya ka ba. Amma buhun gero nawa ne yanzu a kasuwar Mile 12? Kuma ƙaramin nan mai tari da ka ambata a ƙarshen saƙo, wa ke kwana kusa da shi? Ka kira ni bayan isha'i, ƙanwarka za ta riƙe mini wayar.