Na'urar gano yoyon ruwa: in zuba jarina a kanta ko in dakata?

Wani mai shagon kayan famfo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ya aiko da tambaya. Ya ce shekararsa bakwai yana sayar da fayif da elbo da bawul da gam, kuma ba a mako guda wani bai shigo yana kukan bangon ɗakinsa na gumi ko tankinsa na ƙarewa ba dalili ba. Ya tara naira miliyan ɗaya da rabi, ya kuma ga wata na'ura a intanet da ake sawa a kunne a ji inda ruwa ke yoyo a cikin bango ko ƙarƙashin daɓe. Mai kawo ta daga Sin ya yi masa kuɗi miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Yana son ya saya, ya haɗa kai da wani filamba, su buɗe sana'ar gano yoyo. "Ko ya kake gani?" in ji shi.

Malam, idonka ya ga kasuwa, wannan ba musu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ruwan da sumo, wato injin cikin rijiyar burtsatse, ke turawa tanki ya daina zama na banza. Da can mai gida kan ga tanki ya ƙare ya ce yara ne ke ɓarna, ya tayar da janareta. Yanzu lissafi yake. Saboda haka masu neman wanda zai gano musu inda ruwansu ke tafiya suna nan. Amma shawarata ita ce kada ka sayi wannan na'ura yanzu, kuma dalilina na farko ba na kuɗi ba ne.

Ita na'urar sauti take saurare. Ruwan da ke fita da ƙarfi ta ƙaramar kafa yana yin wani shuu, bututu ya ɗauki ƙarar ya kai ta nesa, na'ura ta kama. An ƙera ta ne da tunanin gidajen da ruwan gwamnati ke shiga da ƙarfin bar uku ko huɗu (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), ba dare ba rana. To mu fa? Yawancin gidajen da za su kira ka, a Hotoro ne ko Rijiyar Zaki ko Na'ibawa, rijiyar burtsatse ce da tanki a sama. Ƙarfin ruwansu daga tsayin tankin kawai yake zuwa, kuma kowane mita goma na tsayi bar ɗaya yake bayarwa. Tankin da ke bisa ƙarfe mai mita biyar ko shida, rabin bar ke nan da ɗan ɗori. Ruwa a wannan ƙarfi tsattsafowa yake shiru. Ga kuma bututun roba, PVC ko PPR, wanda ba ya kai sauti nesa kamar na ƙarfe. Ƙara da janaretan maƙwabci da injin markaɗe na bayan katanga. Sai ka tarar da kanka tsaye a falon mutum da abin miliyan a kunne, iyalinsa sun zuba maka ido, kai kuwa ba ka jin komai.

Sai lissafi. Mu ƙaddara kowane aikin ganowa za a biya ku dubu ashirin. Filamba ya ɗauki rabi, kuɗin mota ya ci dubu biyu, saura dubu takwas a hannunka. Kafin na'urar ta mayar da kuɗinta sai kun yi aiki 150. In kuna samun biyu a mako, shekara ɗaya da rabi ke nan ba ka ga sisin riba ba, in ma ba ta lalace ba, domin in ta lalace ban ga wanda zai buɗe maka ita a nan kusa ba. Wannan miliyan ɗin kuwa, in fayif da tanki ka saro da shi, kai ka fi ni sanin sau nawa zai juya kafin nan.

Abin da ke gano yoyo a gidajenmu ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Na farko alli ne. A cika tanki, a kashe sumo, a rufe duk famfunan gida da dare, a ja layi daidai inda ruwa ya tsaya. Da asuba, kafin kowa ya yi alwala, a duba. Tankin da faɗinsa ya kai mita 1.3, kowane santimita guda da ya sauka lita 13 ce ta tafi. Daren gaba a rufe bawul ɗin ɓangare ɗaya na gidan, a sake gwadawa. A haka za ku ware layin da ke da ciwo ba ku fasa ko tayil ɗaya ba.

Na biyu bulu ne, irin na wanki. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Shekarun baya tankin gidana ya riƙa ƙarewa kafin azahar. Na kira wani mai gyara, ya zo da guduma da cizal, ya ƙwanƙwasa bangon banɗaki da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya ce a nan ne. Ya fasa, wayam. Ya matsa gaba ya fasa, wayam. Rami uku ya bar mini, kuma irin tayil ɗin an daina kawo shi, har yau banɗakin nan launi biyu ne. Daga baya wani dattijon filamba ya zo, ya ɗaga murfin tankin masai na ɗakin baƙi, ya zuba ɗan bulu, ya ce a ba shi shayi. Kafin ya shanye, ruwan cikin masan ya koma shuɗi ba wanda ya taɓa marikin. 'Yar robar da ke toshe ƙasan tankin ce ta cinye, ruwa na silalewa dare da rana zuwa sokawe. Kuɗin robar bai kai na buhun siminti ba.

Na uku shi ne wanda nake so ka kashe wa kuɗi: famfon gwajin ƙarfi na hannu, mai bokiti da geji, wato agogon da ke nuna ƙarfin ruwa. Ana toshe bakunan layin, a cire hita da duk abin da ba ya jure matsi, a buga ruwa zuwa bar uku ko huɗu, a zauna ana kallon allura. In ta tsaya, layin lafiyarsa ƙalau. In tana sauka, akwai kafa. Kuma da zarar ƙarfi ya hau, yoyon da ke ɓoye yakan tona kansa: danshi ya bayyana a wuri ɗaya, ko a ji shi da dogon sukundireba a kunne yadda makanikai ke sauraron inji. A kula dai da tsohon PVC da aka haɗa da gam, kada a matsa masa fiye da kima a ɓalle wani wurin. Wannan famfo da injin narka PPR da 'yan bawul na toshewa, duka ba za su ci kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka ba. Ko ranar da za ka sayi na'urar sauraron ma, sai da wannan famfon za ta yi maka amfani.

Inda sana'ar za ta tsaya ko ta faɗi kuwa, wajen yanka kuɗi ne. Mutanenmu sun saba biyan guduma, ba su saba biyan sani ba. In filambanka ya gano matsalar cikin minti ashirin, mai gida zai ce "ai ba wani aiki ka yi ba", ya miƙa masa na mota. Don haka ku raba kuɗin gida biyu tun a waya: kuɗin ganowa daban, a biya kafin a taɓa komai, kuɗin gyara daban bayan an ga abin da ke ciki. A rubuta wa zai sayi tayil da fentin wurin da aka fasa, da abin da za a mayar in ba a gano ba. A ɗauki bidiyon geji kafin gyara da bayansa a tura wa mai gida. Kuma kada ku fasa bango da izinin ɗan haya, sai mai gida ko wakilinsa ya ce a fasa. Na ga inda aka gama aiki tsaf, ɗan haya ya ce mai gida ne zai biya, mai gida ya ce shi bai aiki kowa ba.

Ku kuma koyi cewa "wannan ba aikinmu ba ne". Ba kowane jiƙaƙƙen bango ne yoyo ba. Wanda ke yin laima daga ƙasa zuwa gwiwa da damina, ya bushe da hunturu, ruwan ƙasa ne ke hawa tubali. Na fayif bai san damina ko rani ba. In kuka karɓi kuɗi a kan na farkon, a watan Agusta za a dawo muku da faɗa.

Ribarka kai mai shago tana cikin kayan da aikin zai ja. Tsoffin gidaje masu bututun ƙarfe da aka binne tun shekarun 1970 da 1980, tsatsa ta gama da su daga ciki, ka toshe nan gobe can ya ɓulle. Gaskiyar da za a faɗa wa mai irin wannan gida ita ce a bar tsohon layi a bango, a ja sabon PPR ta bayan gini a shiga kowane banɗaki da huda ɗaya, a rufe shi ko a shafe shi da fenti saboda rana na cin roba. Duk fayif da elbo da soket ɗin daga shagonka za su fito. Sai dai ka tsare kanka daga kwaɗayin cewa a sauya komai a inda gyaran dubu biyar ya isa, don unguwa ɗaya ce, labari ba ya kwana. Nemi masu gidajen haya da yawa, da makarantun kwana, da ƙananan otal-otal, su ne ke jin zafin dizal kowane wata kuma su ne ke sake kira.

Game da filamban, kada ku tsaya a kan "ai mun saba". Kayan aiki naka ne, a rubuta. Kason kowa, a rubuta. In gyara ya sake yoyo cikin wata uku, shi zai koma kyauta, kai ka ba da kaya.

Ka buɗe littafi na wata shida. Kowane kira ka rubuta unguwa, irin bututun, yadda aka gano, da nawa aka biya. A gefe guda ka riƙa sa alama a kan aikin da ya gagare ku don rashin na'ura, irin layin da ke binne ƙarƙashin intalok a babban fili. In alamomin sun yi yawa, nemi mai irin na'urar ka biya shi ya zo ya gwada ta a gabanka a gida mai tanki, ba a bidiyon mai talla ba. Bayan nan ka turo mini hoton littafin mu sake lissafi.