Karyar da ba ta taɓa taka ƙasa ba

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa tun da aka karɓo karyar nan daga hannun mai kiwon nan na hana ka ɗaura mata igiya, na hana ka yi mata wanka, ko shafa ta ma na ce kada ka yi, alhali sauran karnukan da ake kawo mana horo washegari muke fara aiki da su. Ka kuma ce mutumin da ya yi alkawarin ɗaukar ta yana ta kira, yana son sanin yaushe za ta fara gadi. Gara da ka tambaya, da ka je ka yi gaban kanka.

Karen da maigidansa ya sako a mota daga unguwar Rayfield a nan Jos don mu koya masa zama da tsayawa, ya riga ya san duniya. Ya san ƙofa, ya san yara, ya san ƙarar janareta, ya san cewa hannun mutum abinci yake kawowa. Abin da ya rage masa ladabi ne. Wannan kuwa ba rashin ladabi ke damun ta ba. A keji aka haife ta, a keji ta girma, kuma duk lokacin da hannu ya shigo kejin, ko dai za a fizgo ta a kai ta wajen namiji ne, ko za a kwashe mata 'ya'ya. Ka ce za ka koya mata "zauna" yanzu, wa za ta zauna wa? Ba ta ma yarda kai ba abin gudu ba ne.

Ka fahimci yadda sana'ar tasu take, don ka gane abin da ke gabanka. Karya tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta kuma kwana 63 ne, ko sama ko ƙasa kaɗan. Mai kiwon da kuɗi kawai ke gabansa ba ya barin ko zagaye ɗaya ya wuce ta. Bayan ta yaye, da zarar ta sake neman barbara, an sake haɗa ta. 'Yan kwikwiyon da ya kamata su yi sati 8 a jikin uwa, tun suna sati huɗu ko biyar an ɗauke su hoto an sa a WhatsApp, an cusa su a kwali an ba direba ya kai Abuja. Sanyin Jos ya sa karnuka masu gashi irin su Kokeshiyan da Alseshiyan da Lasa suna jin daɗin garin nan, shi ya sa masu saye daga nesa suke neman na Jos, shi ya sa kuma duk wanda ya ga kuɗi a ciki yake kafa keji a bayan gida. Ranar da karya ta daina haihuwa, ko ta fara haifar biyu maimakon takwas, ta zama asara. Wasu a sayar da su ga masu kai karnuka kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, inda ake sayen su don nama, wasu a buɗe musu ƙofa kawai. Ban ce duk masu kiwo haka suke ba. Akwai na kirki a garin nan, kuma ba wuya a gane su. Ka ce a nuna maka uwar kwikwiyon da inda take kwana. Wanda ya fara cewa "tana gona" ko "ka jira ni a bakin titi in kawo maka", ka riƙe kuɗinka. A Ingila ma sai da suka kafa doka a 2020 da ta hana sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba ta hannun dillali, don mai saye ya je wajen wanda ya kiwata da kansa.

Babbar ɓarnar ba a jiki take ba. Kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga wajen sati 3 zuwa sati 12 ko 14, da yake karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin da aka saba: mutane, kaji, babur, tsintsiya, matakala. Abin da bai haɗu da shi ba a wannan tsakanin, idan ya girma da tsoro yake kallon sa. Ita wannan lokacin nata a cikin waya ya wuce. Ba za mu iya dawo mata da shi ba, sai dai mu rage tsoron a hankali.

Je ka dube ta da kyau, amma daga gefe, kada ka tsaya a kanta. Dubi yatsun ƙafarta yadda suka baje, saboda tsayuwa a kan ragar waya. Dubi faratanta, sun yi tsawo har sun lanƙwasa, don ba su taɓa gogar ƙasa ba. Haƙoranta na gaba sun cinye, tauna ƙarfen keji ne ya jawo. Nonuwanta sun zube. Sannan ka lura da abin da take yi idan ka shigo: ta maƙale a lungu, ta juya fuska ga bango, wutsiya a tsakanin cinyoyi, tana lasar baki, tana hamma ba don barci ba, farin idonta yana bayyana. Jiya na ji kana gaya wa ɗan'uwanka wai tana da sanyin hali, ko motsi ba ta yi da ka matsa kusa. Wannan ba sanyin hali ba ne. Sandarewa ta yi don tsoro, kuma kare da ya sandare shi ne mafi kusa da cizo. Wanda ke haushi yana tsalle ya ba ka sanarwa. Wanda ya ƙame ya rufe baki, in ya ga ba mafita, sau ɗaya zai kawo maka hari.

Saboda haka in ta yi maka gurnani, kada ka daka mata tsawa, balle ka ɗaga sanda. Gurnani magana ce, tana ce maka ka yi kusa da yawa. Ka ja baya. Masu dukan kare don ya daina gurnani suna samun abin da suke so, ya daina, sai ya koma cizo ba gargaɗi.

Yanzu ga aikinka, kuma na san zai yi maka kamar ba aiki ba. Sau uku ko huɗu a rana, a lokaci guda kullum, ka shiga ka ajiye mata abinci ka fita. Lokacin da ba ya canzawa shi ne abu na farko da za ta fara dogara da shi. In ta ƙi ci kana wurin, ba laifi, za ta ci da dare. Bayan ta fara sakin jiki da shigarka, ka ɗauki kujera ka zauna nesa da ita, ka ba ta gefenka, kada ka haɗa ido da ita, ka yi ta danna wayarka, ai ka iya wannan. Ka riƙe 'yan gutsattsarin dafaffiyar hanta, ka jefa ɗaya kusa da ita, ba a jikinta ba. In ta ci, ka jefa na gaba ɗan kusa da kai. Wani lokaci ka jefa bayanta, don ta ga cewa tana da damar komawa. Ranar da ta miƙo wuya ta shinshina takalminka, kada murna ta sa ka kai hannu. Bar ta ta gama ta koma. Ita za ta riƙa rage tazarar, ba kai ba. In lokacin taɓawa ya yi, ƙirji ko ƙarƙashin haɓa za ka fara, ka shafa kaɗan ka janye hannu ka gani. In ta matso, tana so. Ta saman kai da ƙeya kuwa nan aka saba damƙo ta, ka bar wajen sai can gaba.

Akwai wanda zai fi mu iya wannan aikin, wato tsohon karen gidan nan. Irin waɗannan karnukan ba su san mutum ba amma sun san kare. In ta ga ya zo wajenka yana kaɗa wutsiya, ya ci a hannunka bai mutu ba, ya fita tsakar gida ya dawo lafiya, za ta bi bayansa ta yi abin da wata guda na lallashi ba zai sa ta yi ba. Sai dai ba yanzu za mu haɗa su ba, sai ta cika sati biyu a keɓe kuma likita ya ce babu komai.

Maganar likita kuwa, wankan da kake ɗoki ba shi ne gaba ba. Na ga kaskar da ke kunnenta, na ga inda gashi ya zube. Akwai ƙwayar da likitan dabbobi ke bayarwa a sa a abinci, tana kashe kaska da ƙuma har da ƙazuwa, ba sai an danne ta an jiƙa ta a wannan sanyin ba. Kada in ji an shafa mata baƙin mai, ko an fesa mata maganin ƙwarin gona, kamar yadda 'yan unguwa za su ba ka shawara. Fata tana shan su, kuma za ta lashe. Haka maganin ciwon kai na mutane, kada ka ba ta ko rabi. Kaska tana sa wa kare cutar da ke cinye jini, don haka in ta yi hamma ka leƙa dasashinta, in ka ga ya yi fari fat ka gaya mini nan take. Tunda ba mu da katin allurarta, za mu ɗauka ba a taɓa yi mata ba: maganin tsutsar ciki, riga-kafin haukar kare, da na fabo, cutar amai da zawon jini da ke share 'yan kwikwiyo a irin waɗancan gidajen. Ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, shi ya sa na ce kwanonta daban, tsintsiyarta daban, kuma ka wanke takalminka da ruwan bilic kafin ka shiga wajen ƙananan. Mu da Vom ke nan kusa, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924 kuma ake yin allurar haukar kare, ba mu da hujjar barin kare ba riga-kafi. In tsautsayi ya sa ta cije ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka wuce asibiti a ranar, ita kuma a sa mata ido kwana 10. In ta murmure za a cire mata mahaifa. Tsofaffin karnukan da ba a cire wa ba, mahaifar kan cika da mugunya bayan lokacin barbara, sai ka ga tana ta shan ruwa ta ƙi abinci, kuma ciwon yana kisa da sauri.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu. Tausayi kada ya sa ka cika mata kwano, cikin da ya saba da yunwa ba ya ɗaukar lodi. Ragowar miya mai albasa da ƙashin kaza dafaffe ba nata ba ne.

Za ka ga tana kashi a inda take kwana. Ba ƙazanta ba ce, ba a taɓa ba ta wani wurin ba. Ka share ka yi shiru. Za ka kuma ga tana zagaye wuri ɗaya, daidai faɗin tsohon kejinta, ko da filin ya ninka haka sau goma. Yana raguwa, amma a wasu ba ya ɓacewa gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙofa. Irin waɗannan sau da yawa ta gudu ake rasa su. Ƙara ɗaya, ko salansar babur, ko abin fashewar da yara ke kunnawa lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, sai ta ja da baya ta zare kai daga abin wuya ta ɓace. Kuma ba ta san sunanta ba balle ka kira, in ka bi ta da gudu ƙara mata mai kake yi. Don haka igiya ma koya mata za a yi: a fara ajiye ta kusa da kwanon abinci, sannan a maƙala mata mara nauyi ta riƙa ja a tsakar gida kana kallo. Ranar da za ta fita waje, da igiya biyu za ta fita, ɗaya a wuya, ɗaya a ɗamarar ƙirji, da sassafe kafin titi ya cika.

Mai kiran waya kuma, ka bar ni da shi, amma ka ji abin da zan gaya masa don wata rana kai za ka faɗa. Ya ga ƙatuwar karya ta kyauta, ya lissafa kuɗin kwikwiyon irinta, ya ga riba. Zan gaya masa wannan ba karen gadi ba ce, kuma mai yiwuwa ba za ta taɓa zama ba. Karen gadi ƙarfin zuciya yake bukata, ya san baƙo ya san ɗan gida. Matsoracin kare da aka ɗaure a bakin get ba ɓarawo zai ciza ba, almajiri ko ɗan maƙwabci da ya zo ɗaukar ƙwallo zai ciza. Zan tambaye shi ko katangarsa ta kewaye, ko akwai ƙananan yara, wa zai riƙa ba ta abinci in ya yi tafiya, kuma iyalinsa sun yarda ko shi kaɗai ke so. A gidajenmu da yawa kare ba ya shiga ɗaki, wannan ba matsala ba ce, amma sai an yi mata wuri mai rufi da katako ko buhu a ƙasa, don sanyin Disamba a kan siminti ba abin wasa ba ne. Kuma ba za ta bar nan da mahaifarta ba, kada mu fitar da ita daga keji ɗaya mu kai ta wani. In ya ji duk wannan ya ce har yanzu yana so, sai ya fara zuwa yana zama a kujerar da kake zama. In ya ce a'a, mun rabu lafiya.

Yaushe za ta warke, ba zan yanka maka rana ba. Wata cikin 'yan makonni take fara bin mutum, wata sai ta shekara, wata kuma mutum ɗaya za ta yarda da shi har ta mutu. Ka samo littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani kullum: ta ci ko ba ta ci ba, a gabanka ko bayan ka fita, taku nawa ta matso, yaya kashinta yake. Ci gaban nata ƙanana ne, in ba a rubuce ba za ka rantse ba abin da ya canza. Hantar tana cikin firij, ka yanka ta ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, kuma ka rufe get ɗin waje kafin ka buɗe nata.