Taminal ko Linzami: Wanne Ya Fi Wajen Gyara Fuskar Kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na saka Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, a kwamfutata. Abokina ya ce wanda ya iya Linux ba ya taɓa linzami, komai a taminal ake yi, wato tagar rubuta umarni. Sai na bi wani bidiyo na kwafo umarni don in sauya launi da gumakan allo, kowanne da sudo a gabansa. Yanzu in na saka kalmar sirri sai allon ya yi baƙi ya dawo da ni wurin shiga. Aikin kammala karatuna yana ciki. Ya salwanta ke nan? Kuma wanne ya kamata in riƙa amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Yawanci irin wannan matsalar a ƙofar shiga take tsayawa, fayilolinka suna nan. Amma don Allah kada ka kai ta shagon da za a ce maka "sai an yi mata fomatin". Kafin komai, ka tayar da kwamfutar daga filashar da ka saka Ubuntu da ita, ka zaɓi gwaji ba sakawa ba, ka kwashe aikinka zuwa wata filashar.

Daga nan ka kunna ta yadda ka saba, a wurin shiga ka danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga da sunanka. Rubuta history, za ka ga duk abin da ka kwafo a jere. Sannan ls -la ~ ka duba layin mai mallaka. In ka ga root, wato babban asusu mai iko da komai, a gaban .config ko .local, to mun kama ɓarawon. Gyaransa: sudo chown -R $USER:$USER ~ sai ka kashe ƙarin kayan GNOME, wato manhajar fuskar allon Ubuntu, da gsettings set org.gnome.shell disable-user-extensions true ka sake tayar da ita.

Maganar abokinka kuwa ba ta da tushe. A GNOME, manhajar Settings da Tweaks da umarnin gsettings duk ma'aji ɗaya suke rubutawa, wato dconf, a cikin ~/.config/dconf/user. Wanda ya danna maɓallin duhun allo da linzami, da wanda ya rubuta gsettings set org.gnome.desktop.interface color-scheme prefer-dark, abu ɗaya suka yi. Launi da girman rubutu da hoton bango aikin ido ne, linzami ya fi dacewa da su. Taminal yana da ranarsa idan za ka maimaita aiki: dconf dump / > saiti.txt zai adana duk saitinka a fayil ɗaya, dconf load / < saiti.txt ya mayar da shi. Mai kula da ɗakin kwamfuta na makaranta ba zai bi injuna ɗaya bayan ɗaya yana danne-danne ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne "kowanne da sudo a gabansa". Kusan kullum sai na haɗu da wannan. Matasa sun ɗauka sudo wani sinadari ne da ke sa umarni ya ci, in abu ya ƙi sai a ƙara masa. Ba haka ba ne. Da sudo kana miƙa wa umarnin makullan gidan gaba ɗaya, har ɗakin da kai kanka ba ka shiga. Kuma kwalliyar allo ba ta buƙatarsa. Adon taga yana zama a ~/.themes, gumaka a ~/.local/share/icons, duk a cikin jakarka, ikonka ya isa. Da ka rubuta sudo cp zuwa ~/.config, fayilolin sun sauka a jakarka amma da sunan root. GNOME ya zo rubuta saitinsa, aka hana shi. In ka yi sudo gsettings kuma, ba saitinka kake taɓawa ba, shi ya sa ba ka ga canji, ka ƙara kwafo wani umarnin mafi muni.

Masu irin waɗannan bidiyoyin ba ruwansu da aikinka, masu kallo suke nema. Wani zai ce ka yi chmod -R 777 a kan komai, wani ya ba ka curl da zai zuba rubutun wani baƙo kai tsaye cikin sudo bash, ba ka karanta ko layi ɗaya ba. Wasu umarnin ma na tsohon zamani ne: Ubuntu ta bar Unity ta koma GNOME tun 2017, GNOME 45 kuma a 2023 ya sauya tsarin ƙarin kayansa har tsofaffin suka daina aiki. Amma har gobe ana tura tsofaffin umarni a zaurukan WhatsApp, ba mai tambayar na wace shekara ne.

Kada kuma ka ce linzami tudun mun tsira ne. A watan Maris na 2024, wani adon allo da aka sauke daga shagon KDE, wata fuskar allon Linux irin GNOME, ya goge wa wani mutum fayilolinsa, saboda akwai rm -rf a cikin rubutunsa, har KDE ta fito ta gargaɗi jama'a. A 2019 an gano EvilGnome, manhajar leƙen asiri da ta yi shigar ƙarin kayan GNOME. Danna "saka" da linzami shi ma gudanar da rubutun wani ne a kwamfutarka.

In kwamfutar ta dawo, ka fara da dconf dump kafin ka sake taɓa komai, kuma duk umarnin da ba ka gane ba ka duba shi da man, umarnin da ke nuna bayanin sauran umarni, tukuna. In har ta ƙi shiga bayan chown, wataƙila rubutun ya taɓa /usr/share/gnome-shell ne. Ka turo mini abin da history da journalctl -b -p err suka nuna, mu bi su layi-layi.