Tambaya da Amsa: Ƙarfe Mai Baki Goma Zai Wadace Ni a Tsibiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina bin kawuna sarin kifi daga Yelwan Yawuri zuwa tsibiran tafkin Kainji, wani lokaci mu kwana uku ko huɗu a tungar masunta. Na ga wani ƙarfe mai naɗewa a kasuwa, da filaya da wuƙa da zarto da sukundireba duk a jiki ɗaya. Mai sayarwa ya ce in ina da shi ba na bukatar komai a daji. In saya in bar adda a gida? Daga wani mai karatu, Yawuri, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ka saya in kana da hali, amma adda ta bi ka. Mai kaya ba ya kushe kayansa, shi ya sa ya faɗa maka haka.

Asalin ƙarfen ma zai nuna maka aikinsa. Wani Ba'amurke, Tim Leatherman, ya zaga Turai a 1975 cikin tsohuwar Fiat mai yawan lalacewa, kullum yana neman filaya, ƙaramar wuƙa kawai ke aljihunsa. Da ya koma gida ya shiga ƙere-ƙere, a 1983 aka fara sayar da nasa. Ka ga ke nan don gyara aka yi shi, ba don sarar itace ba.

A tafiya irin taku filayar ita ce kuɗinka. Farfelar injin jirgi ta bugi kututture, fil ɗinta ya karye kuna tsakiyar ruwa: sai an miƙe ƙafafun siririn fil ɗin da ke riƙe da noti, an zaro shi, kafin a kai ga wanda ya karye. Yatsa ba ya yin wannan, haƙori ma haka. Ƙugiya ta shige can cikin bakin tarwaɗa, filaya ce za ta juyo ta. Da ita za ka ɗaure tiyon mai da waya, ka sauke tukunya daga wuta, ka karya ƙayar ƙurungu kafin ta soke ka. Sukundirebar kuma ta ƙananan sukurori ce, na tocila da rediyo. Fulogi dai ka bar wa sifanarsa, filaya cinye masa kafaɗa take yi.

Wuƙar jikinsa gajera ce, da ƙyar ta kai tsawon yatsa, kuma a kan ƙusa guda take juyawa. Za ta yanka igiya da albasa, ta fasa cikin karfasa. Ranar da ka ɗora ta kan ice kana duka da gungume, ranar za ta yi sako-sako ko ta karye. Zarton zai yanke reshe kamar kaurin sandar makiyayi, bayan ka yi gumi. Turakun rumfa, itacen da zai kai asuba, share wurin kwana saboda maciji da kunama, duk aikin adda ne, kuma maƙerin garinku zai yi maka ita da kuɗi kaɗan.

Wajen saye ka buɗe ido, jabu sun fi na gaske yawa, har da masu sunan Leatherman ko Victorinox a jiki. Haɗe bakin filayar ka ɗaga wa rana. In haske na ratsawa tsakanin haƙoran, ajiye. Buɗe wuƙar ka danna bayanta a hankali, yatsunka a gefe. In ta naɗe ba tare da ka saki makullinta ba, wata rana a kan yatsanka za ta naɗe. Ka tafi da guntun waya a aljihu ka gwada wurin yankan. In mai kaya ya hana gwaji, ya ba ka amsa.

Kada rubutun “ba ya tsatsa” ya ruɗe ka. Jinin kifi da yashi in sun kwana a gaɓoɓinsa, tsatsa za ta kama. Wanke, shanya, ɗiga masa man keken ɗinki. Ka ɗaura masa igiya a ƙugunka, don abin da ya faɗa Kainji ya tafi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka, ban ga ka ambaci rigar ruwa mai hana nutsewa ba. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021 ba, da rayukan da suka salwanta. In kuɗin abu ɗaya gare ka, rigar za ka fara saya. Bayanta ashana cikin robar magani mai murfi, da laita a wani aljihun daban, da tocila, da gidan sauro, da tukunyar tafasa ruwan sha. Waya a cike da caji cikin leda, a kuma san a gida wace tunga kuka nufa da ranar dawowa. Ƙarfen naka ya zo bayan waɗannan, a cikin jaka idan kuna wuce shingen jami'an tsaro. Ka gaishe min da kawun naka.