Yarona ba ya jure ƙara: ya halatta in kunna masa kiɗa mai sanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Ina da yaro ɗan shekara 7 da likita a Kano ya ce yana da galahanga. In aka tada injin niƙa a maƙwabta, ko babura suka cika hanya ranar kasuwa, sai ya toshe kunne ya yi ta ihu yana buga kansa da bango. Ƙanena da ke karatu a Dutse ya tura mini wani kiɗan Turawa a waya, wai shi fos-rok, ba waƙa ba magana, jita ce kawai da ganga a hankali. In na kunna masa yakan lafa, wani lokaci har barci ya ɗauke shi. To surukata ta ce shaiɗan nake jawowa gida. Malam, ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba yaron nan sauƙi, ke kuma ya saka miki bisa ɗawainiyar da kike yi.

Surukarki ba daga iska ta ɗauko maganarta ba. Mafi yawan malamai, har da mazhabobin nan huɗu, sun tafi a kan haramcin sauraron kayan kiɗa irin su molo, goge da sarewa, sai dai bandiri a wajen aure. Hujjarsu mafi ƙarfi hadisin Abu Malik al-Ash'ari ne da ke cikin Bukhari, inda Annabi (SAW) ya ce za a samu wasu mutane daga al'ummarsa da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wurin da Ibnu Abi Zaid ya hana sauraron kayan wasa da waƙa a ƙarshen Risala. Ibnu Hazm, malamin Andalus, ya saɓa, ya ce hadisin bai inganta ba, malaman hadisi kuma suka mayar masa da martani. Ni ina tare da mafi rinjaye, kuma rashin waƙa a cikin kiɗan bai fitar da shi daga hukuncin ba, don kan kayan kiɗan ake magana.

Amma ke ba nishaɗi kika tambaya ba, magani kika tambaya. A duba hadisin nan da kyau: alharini yana jere da kayan kiɗa a cikinsa. Duk da haka Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Abdurrahman bin Auf da Zubairu rangwamen sa alharini saboda ƙaiƙayin da ke damunsu. Ƙaiƙayi fa. Ina ga yaron da ke fasa goshinsa da bango? Ramli, babban malamin Shafi'iyya, ya faɗa a Nihayatul Muhtaj cewa in likitoci biyu adalai suka ce maras lafiya ba abin da zai amfane shi sai sautin molo, ya halatta ya saurara. Shi kuwa yaron alƙalami bai hau kansa ba tukuna.

Saboda haka fatawata ita ce: ki fara da abin da ba a yi saɓani a kansa ba. Sautin ruwan sama, gudun ƙorama, ko shuuu irin na fanka, duk ana samunsu a waya, kuma ba kiɗa ba ne. Ki gwada karatun Alƙur'ani da murya ƙasa-ƙasa daga makaranci mai sanyin murya. Ki nemi abin toshe kunne irin na masu aikin inji, ki sa masa kafin a tada injin, ba bayan ya birkice ba. In kin gwada waɗannan ba su yi ba, likitan da ke duba shi kuma ya ce kiɗan yana taimakonsa, ki kunna masa gwargwadon buƙata, babu laifi a kanki. Abin da ya shiga kunnenki kina jinyarsa ba sauraron ganganci ba ne.

Akwai wani abu game da wannan kiɗa da ya fi damuna fiye da saɓanin malamai. Na sa wani ɗalibina ya bincika mini shi. Ya samo asali ne a Ingila da Amurka, sunan kuma ya bazu tun wajen 1994. Al'adarsa ita ce ya fara a hankali kamar yayyafi, ya yi ta hauhawa, bayan minti biyar ko goma sai ganguna da jita su ɓarke gaba ɗaya kamar hadari. Babba mai ƙoshin lafiya wannan hawan yake jira. Yaron da ƙarar ba-zata ke gigitawa kuwa, kin lallaɓa shi ne ya saki jiki sannan a dake shi. Don haka kada ki saki waya ta riƙa zaɓo masa na gaba da kanta. Ki saurari kowanne daga farko har ƙarshe, ki ajiye biyu ko uku da ba sa hawa, ki goge sauran. Yara irinsa sun fi samun natsuwa da abin da suka saba da shi ana maimaitawa. Ki rage ƙarar wayar sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin na'ura ga yara ya wuce desibel 75 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na tsawon awa 40 a mako. Ma'aunin gida shi ne, in kina gefensa kina jin abin da ke fita daga iyafis ɗinsa, ya yi yawa. In kika ga ya ture wayar ko ya toshe kunne, ki kashe nan take.

Ina roƙon mutanen gidan, kada a ce aljanu ne a kai shi inda za a riƙa yi masa ihu a kunne ko a turnuƙe shi da hayaƙi. Ruƙya ta shari'a ke ma za ki iya yi masa: Fatiha da Falaƙi da Nasi, a hankali, hannunki a kansa in ya yarda a taɓa shi. Maigidanki kuma ya je ya sami mai injin cikin mutunci, ya roƙe shi ya riƙa aiko yaro ya sanar da ku kafin ya tada. Surukarki a karanta mata wannan amsa da ladabi, jikanta take ji wa tsoro.

Allah ne mafi sani.