Tukunyar nukiliya ba a tada ta da makulli

Jiya muna kan gyaran gurup, wato janareto, ka ce mini: "Maigida, tukunyar nukiliya ma makulli ake murɗa mata ta tashi, kamar wannan?" Ban tanka ba, don ka taɓa mini tsohon miki. Ga amsar a rubuce, tunda ku yaran yanzu magana ba ta shiga kunnenku sai ta biyo ta waya.

Na yi shekaru ina aikin lantarki a Arlit, inda a lokacin ake haƙo yuraniyom, abin da waɗannan tukwane ke ci a Faransa. Yadda ake tace shi har yuraniyom 235 ya tashi daga 0.7 cikin ɗari zuwa 3 ko 5, je ka nema, ba zan koya maka baƙi da wasali ba. Sandunan da ake zura wa tukunya za ka riƙe a ranka. Na boron ne ko kadmiyom, suna shanye nutron, ƙananan ƙwayoyin da ke fasa yuraniyom ya ba da zafi, muddin suna ciki wuta ba ta kamawa. Mai aiki yakan zaro su kaɗan, ya tsaya, ya zuba wa ma'aunin nutron ido har lamba ta zauna, ya rubuta, sannan ya ƙara. Sa'ad da lamba ta ƙi zama, tana ta hawa a hankali alhali bai taɓa komai ba, tukunya ta kama. Abin da ya sa hannun mutum ke iya bin ta shi ne wasu nutron, wajen 0.65 cikin ɗari, ba sa fita nan take, suna makara da daƙiƙoƙi. Su ne linzamin. Ka zaro sanda har tukunya ta daina jiran su, to ba mai kamo ta. Enriko Fermi da ya tada ta farko a Shikago ranar 2 ga Disamba 1942 tun safe ake zaro masa sanda, har ya tsayar da aiki aka je cin abinci, sai bayan ƙarfe uku ta kama. Mutumin da ya fi kowa sanin abin ke nan, bai yi gaggawa ba.

Ni na yi, kuma wani ne ya sa ni.

Wani mai yin ƙanƙara nan Damagaram, cikin azumin bazara, ya aiko a kira ni. Babban gurup ɗinsa na tashi, ya yi ƴan mintoci, ya mutu. Na duba, na ga na'urar tsaron mai ce ke yanke shi, kuma gaskiyarta: turbo na yoyon mai, bututun iska jiƙe yake, na sa yatsa na nuna masa baƙin. Na ce kwana uku, a kawo kaya daga Kano. Ya nuna mini yara da kuloli jere a ƙofa, ya kama hannuna, "Malam, don Allah da Annabi, yau kaɗai, in wani abu ya faru a wuyana." Na haɗe wayoyin nan biyu da hannuna, na kashe tsaron.

Ya yi kusan awa yana tafiya lafiya. Sai murya ta sauya. Ka san kukan injin da ya fi ƙarfin kansa? Ba ka sani ba, Allah kada ya nuna maka. Hayaki fari ya cika rumfar. Na murɗe makulli, bai ji ba. Na rufe gazuwal, bai ji ba, don ya daina shan gazuwal, man jikinsa yake sha ta bututun iska. Kafin in sami katakon da zan toshe masa numfashi, biyel, ƙarfen da ke riƙe fistan, ta fasa gefen injin ta fito, mai mai zafi ya wanke mini riga. Da aka zauna gaban dattawa, mutumin nan ya rantse bai taɓa cewa in taɓa wayar ba. Yaransa da suka ji da kunnensu suka sunkuyar da kai. Filin da na saya zan gina wa iyali na sayar, da babur ɗina, na biya shi. Har yau ba na bin wannan layin.

Shi ya sa labarin Carnobil, tashar nukiliyar da ta fashe a Yukren, ke ƙona mini rai. Daren 26 ga Afrilu 1986, a tukunya ta 4, ƙarfi ya faɗi zuwa wajen megawat 30. In ƙarfi ya faɗi haka, zenon 135, wata iska da tukunya ke haifarwa, na taruwa yana shanye nutron, tukunya ta yi nauyi, ta ƙi tashi. Maganinta a kashe a jira zenon ya lalace da kansa. Masu aikin kuwa suna son gama gwaji a daren, suka zaro kusan duk sandunan. Ƙirar tukunyar ma tana da nata aibin, amma ni na san abin da ke ran mai zaro sandan nan, na san yadda ake tsaya wa mutum a ka.

Kai kuma na gan ka shekaranjiya, injin ya mutu sau biyu kana ta sake murɗa makulli ba ka ko ciro sandar mai ka duba ba. Gobe ka zo bayan sallar asuba, ka kwance bututun iskar gurup ɗin nan, ka kawo mini shi in gani, kuma ka bar wayarka gida.